Faifan ajiya na kwamfutar hannu: abin da ke kare shi idan ta faɗi

Faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira diski dur, shi ne wurin da kwamfuta ke adana takardu, hotuna da duk abin da aka zuba mata. A cikinsa akwai fayafai masu juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda, da wata ƴar allura mai karatu da rubutu da ke shawagi bisansu ba tare da ta taɓa su ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Idan kwamfutar hannu ta faɗi tana kunne, allurar kan daki faifan ta karce shi, abin da ke wurin ya salwanta. Gilashin da ya fashe ana iya canza shi a kasuwa, amma kundin kammala karatu na ɗalibi ko lissafin bashin ɗan kasuwa babu mai sayar da su.

Kamfanonin ƙera kwamfuta sun daɗe da neman mafita. A 2003 IBM ya saka wa ThinkPad wata ƙaramar na'ura mai jin motsi, Apple ya bi sahu a 2005, HP kuma ya raɗa wa tasa suna 3D DriveGuard. Da zarar na'urar ta ji kwamfuta ta suɓuce, sai ta sa a janye allurar gefe kafin a kai ƙasa. Lokacin bai da yawa, domin faɗuwa daga kan tebur ba ta kai rabin daƙiƙa ba.

Sai dai a kwamfutoci da dama wannan kariya ba ta aiki sai da manhajarta. Idan aka goge kwamfuta aka sake zuba mata Windows, kamar yadda ake yi wa na hannu kafin a sayar, manhajar kan tafi ba tare da mai saye ya sani ba. Ya dace a sa mai gyara ya duba. Ko tana aiki ma, ba ta hana mugun bugu yin ɓarna.

Faifan da ya tsaya ya fi mai juyawa jure bugu nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake kashe kwamfuta, ko a rufe ta a jira ta yi shiru, kafin a sa ta cikin jaka mai soso a hau kabu-kabu. Wayar caji da aka miƙe a kan hanya ma tana yawan jawo kwamfuta ƙasa.

Idan ta faɗi aka ji faifan yana ƙas-ƙas, a kashe ta nan take, domin kowace kunnawa na ƙara karcewar. Faifan SSD ba shi da allura ko wani abu mai juyawa, kuma yana shiga gurbin tsohon a yawancin kwamfutoci. Shi ma yana mutuwa ta wasu hanyoyi, don haka kwafin muhimman takardu a kan kile USB bai zama ɓata lokaci ba.