ASALINMU: Daga Ina Kakanninmu Manoma Suka Zo Magarya da Dungas?



Ku gwada wannan a gida yau da dare: ku tambayi matashi sunan kakan kakansa da garin da ya fito. Yawancinmu daga kaka na biyu sai mu yi shiru. Amma ranar da rigimar gona ta tashi, nan take za ka ji wani ya ce: "Ai su baƙi ne, kakansu zuwa ya yi." To, bari mu buɗe tarihi mu ga wane ne bai zo ba.

Dungas da Waca, tare da Mirya, tsofaffin masarautun Sosebaki ne, kuma gidajen sarautarsu da Barno suke danganta asalinsu. Ke nan ko sarakunan da muke cewa masu ƙasa, labarinsu da tafiya ya fara.

Ta ɓangaren Magarya kuwa, hanyar Daura ce. Wajajen 1805, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, an fitar da Sarkin Gwari Abdu daga birnin Daura, ya yo arewa da jama'arsa, har suka zauna a Yekuwa. Daga baya gidan ya rabu: wasu Zango, wasu Baure, reshen Masallaci kuma Magarya. Sarki dai ba ya gudu shi kaɗai. Akwai manoma a bayansa, da maƙera, da wanzamai, da mata ɗauke da irin hatsi a ƙwarya. Su ne suka sari daji, suka gina rijiyoyi, suka kafa rumbuna. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, duk yankin nan yana ƙarƙashin ikon Damagaram. Yaƙe-yaƙen wancan ƙarni tsakanin Damagaram da maƙwabtanta na kudu sun watsa ƙauyuka, sun kuma kawo mutanen da ba da son ransu suka zo ba. Jikokinsu 'yan'uwanmu ne, tare muke sallah, tare muke biki.

Sai Nasara ya zo. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, sannan tsakanin 1906 da 1908 su da Ingilishi suka bi suka kafa alamun iyaka. A 1906 ɗin ne Ingilishi suka maido Malam Musa daga Zango kan gadon Daura, mu kuwa muka faɗo ɓangaren Faransa. Wa yana nan, ƙane yana can. Gida a Nijar, gona a Najeriya. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta sake kaɗa mutane kudu. Lanho da aikin tilas suka kori wasu, ƙauye guda ya kwana a nan ya wayi gari a ƙasar Daura ko Kazaure. Da aka soke aikin tilas a 1946, kasuwar gyaɗa kuma ta buɗe, wasu suka dawo, wasu sababbi suka biyo su neman ƙasar noma. Fulani da Bugaje da dama da suka zo kiwo suka kama hauya, suka zauna. Fadamun Korama, da rakensu da rogonsu, su ma sun ja nasu mutanen.

Yadda ake karɓar baƙo a lokacin sananne ne. Ya sauka wajen mai gari, a nuna masa daji ya sara, ko a ba shi aron gona, da kaka ya kai ɗan dami na godiya. Babu takarda, dattawa ne shaida. Sa'ad da daji yake da yawa wannan ya wadatar. Yau yankinmu yana cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, gonar da kaka ɗaya ya noma jikoki ashirin ke kallonta, dattawan da suka san ko aro ne ko kyauta kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Abubuwan da ke riƙe mana asali su ma suna gushewa. Tsagar fuska da ake gane Badauri ko Babarbare da ita an bar yin ta. A takardar haihuwa sunan uba ke bin na ɗa, bayan hawa biyu sunan kakan farko ya ɓace. Abin da ya saura shi ne sunayen unguwanni irin su Daurawa da Kanawa, da kirarin gida a bakin maroƙa, da wasan Fulani da Barebari.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan labari ba. A 1853 wasu manoma daga ƙasar Beljiyam suka ƙetare teku zuwa jihar Wiskonsin ta Amurka, suka sari kurmi, suka raɗa wa ƙauyukansu sunayen garuruwan da suka baro, irin su Namur da Burasel. Har yau jikokinsu na yin bikin kaka na kakanninsu, suna kuma iya bin sunaye cikin rajistar coci har ƙauyen da aka fito. Abin da suka fi mu da shi rubutu ne kawai.

Mu ma ba mu makara ba. Kowa na da salula a aljihu. Ku zauna da tsoho ko tsohuwar gidanku, musamman tsofaffi mata, don su suka fi riƙe wa ya auri wa. Ku naɗi muryarsu. Wa ya fara zuwa? Daga wane gari? Me ya taso shi? Wa ya ba shi gona, kuma da wane sharaɗi? Ku rubuta da boko ko da ajami, ku ba 'yan'uwa kowa ya ajiye. Maganar gona kuwa, tun 1993 ƙasarmu na da dokar karkara, akwai kwamitocin filaye har a ƙauyuka. In aro ne a rubuta aro, in kyauta ce a rubuta kyauta, tun masu shaida na da rai.

Kuma duk wanda ya binciko asalinsa da gaskiya, zai tarar da wani kaka da ya iso nan da ƙura a ƙafa, wani ya ba shi ruwa ya nuna masa inda zai sara. Kafin mu kira maƙwabci baƙo, mu tuna da wannan kakan.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka.