Yaƙin Basasar Kano: Me Ke Sa Ɗan'uwa Ya Ƙi Ɗan'uwansa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wani labari da kakata takan ba mu muna yara. Ta ce a zuriyarmu an yi waɗansu mutum biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Da Basasa ta tashi, sai wan ya bi Yusufawa, ƙanen kuwa ya tsaya cikin birni wurin Tukur. Yaƙi ya ƙare, duka biyu suka tsira da ransu, amma har suka koma ga Allah ba su sake cin tuwo a ƙwarya ɗaya ba. 'Ya'yansu ma suka tashi ba sa ga maciji da juna, alhali ba wanda ya taɓa cin wa wani ko da anini. A lokacin na ɗauki abin kamar tatsuniya. Sai da na zo jami'a na karanta tarihin, sannan na gane cewa abin da ya sami gidanmu ya sami gidaje da yawa a ƙasar Kano. Tun daga nan nake tambayar kaina, shin me ke haddasa gaba tsakanin mutane, har ta fi ƙarfin zumunta?

Kafin in amsa, ya kamata in kawo labarin a taƙaice saboda waɗanda ba su san shi ba.

Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Bayansa 'ya'yansa uku suka gaje shi bi da bi, watau Usman, da Abdullahi Maje Karofi, da Muhammadu Bello. Abdullahi ya daɗe bisa gado, tun daga 1855 har 1882, kuma Allah ya ba shi 'ya'ya masu yawa. A cikin wannan dogon zamani ya naɗa 'ya'yansa da mutanensa a manyan sarautu. Ɗansa Yusufu ya riƙe sarautar Galadima, ko da yake daga baya uban da kansa ya tuɓe shi. Da Bello ya hau, sai ya shiga tuɓe 'ya'yan wansa da barorinsu ɗaya bayan ɗaya, yana sa nasa. Ya naɗa ɗansa Tukur Galadima, kowa kuwa ya san inda aka dosa.

Bello ya rasu a ƙarshen 1893. A wannan zamani Sakkwato ke da ikon tabbatar da Sarkin Kano, Sarkin Musulmi kuwa shi ne Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko. Tukur ya nuna jaruntaka a yaƙin da aka yi da Kabawa a Argungu, don haka yana da fada wurinsa. Wazirin Sakkwato Buhari ya ga yadda zukatan Kanawa suka karkata ga Yusufu, ya ba da shawara, amma ba a karɓa ba. Aka naɗa Tukur. 'Ya'yan Abdullahi suka fice daga birni da jama'arsu suka tare a Takai. Daga can suka riƙa cin garuruwa, irin su Gaya da Dutse. Yusufu ya rasu a Garko cikin 1894, sai ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya ci birnin Kano a wannan shekara. Tukur ya fita zuwa Kamri ta wajen ƙasar Katsina, aka bi shi, ya rasa ransa a 1895 sanadin karon da aka yi a Tafashiya. Mai son cikakken bayani sai ya nemi littafin da Adamu Fika ya rubuta da Turanci a kan wannan yaƙi, wanda aka buga a 1978.

To, jama'a masu karatu, ku lura da abu ɗaya. Waɗannan mutane ba addini ya raba su ba, ba harshe ba, ba ƙabila ba. Tukur da Yusufu da Aliyu duk jikokin Dabo ne. Alƙiblarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya. Mun saba jin ana cewa bambanci ne ke kawo ƙiyayya, amma ga inda babu bambanci, ga kuma jini ya kwarara. Ashe ke nan sai mu nemi dalili a wani wuri. Ni dai a nawa ɗan nazari na ga dalilai huɗu.

Na farko shi ne wulaƙanci. Mutum yakan jure talauci, yakan jure rashi, amma da wuya ya manta ranar da aka ci masa mutunci a bainar jama'a. Ɗan sarkin da aka tuɓe ba rawani kaɗai ya rasa ba. Jiya ana faɗuwa ana gaishe shi, yau ƙofar gidansa ba ko doki ɗaya. Shekara goma sha ɗaya 'ya'yan Abdullahi suna haɗiye wannan. Amma kada mu manta, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Shi ma Bello da 'ya'yansa sun yi shekara ashirin da bakwai suna kallon gidan Abdullahi na cika yana batsewa. Kowane ɓangare yana da lissafin abin da aka yi masa, ba wanda ke lissafin abin da ya yi wa wani. Wannan shi ne 'yan'ubanci, kuma Bahaushe bai raɗa wa kalmar suna a banza ba.

Na biyu shi ne toshe hanyar kai kuka. Fushi da ƙiyayya ba abu ɗaya ba ne. Fushi yakan zo ya wuce, don ko tsakanin harshe da haƙori akan saɓa. Abin da ke mai da fushi ƙiyayya shi ne mutum ya rasa inda zai kai ƙara a saurare shi. Muddin Yusufawa na sa ran Sakkwato za ta dube su, sun zauna cikin birni sun yi haƙuri. Ranar da aka naɗa Tukur, suka tabbata alƙalin da kansa ya ɗauki ɓangare, ran nan suka ɗaura sirdi. Da Sarkin Musulmi ya ji shawarar Wazirinsa, ko da ya nemo wani na uku daga gidan Dabo wanda kowa zai iya bi, da wataƙila labarin ya sake.

Na uku shi ne tsoro. A bayan kowane ɗan sarki akwai fadawa da bayin sarki da hakimai da dagatai, waɗanda cinsu da shansu da tsaron lafiyarsu duk sun rataya a kan nasararsa. Mutumin Bello ya san abin da aka yi wa gidan Abdullahi, saboda haka yana tsoron ranar ramuwa. Mutumin Yusufu kuwa yana ganin in Tukur ya kafu, shi da 'ya'yansa sun shiga uku har abada. Kowa sai ya ga tsirarsa tana cikin halakar ɗan'uwansa. A irin wannan hali ne 'yan tsegumi da masu kai gulma ke samun kasuwa, don mai jin tsoro ba ya tantance labari. Ina zaton yawancin waɗanda suka ɗauki mashi a Basasa ba su fara da ƙin kowa ba. Tsoro ya fara shigarsu, ƙiyayya ta biyo baya.

Na huɗu shi ne jini da suna. Harin farko da Yusufawa suka kawo wa birni bai yi nasara ba, kuma an kashe waɗanda aka kama daga cikinsu. A garuruwan da yaƙi ya bi ta kansu an kashe mutane, an kama 'ya'ya an sayar da su bayi, Musulmi yana sayar da Musulmi. Daga nan magana ta tashi daga wa ya cancanci sarauta, ta koma wa ya kashe ubana. Sannan ga sunaye biyu sun fito, Tukurawa da Yusufawa. Da zarar an laƙaba wa mutum suna irin wannan, an daina ganin maƙwabci ko suruki, sai abokin gaba. Abin mamaki, Yusufu ya rasu tun yaƙi bai ƙare ba, amma sunan Yusufawa bai mutu ba, yaƙin kuma bai tsaya ba. Haka sunan ya shiga gidanmu ya raba wa da ƙane.

Me aka samu a ƙarshe? Aliyu ya hau gado, amma tsakaninsa da Abdurrahman ba a koma daidai ba. Ƙasar da ta fito daga Basasa a gajiye ta shiga fama da hare-haren Damagaram. Abdurrahman ya rasu a 1902, Aliyu ya tafi Sakkwato gaida sabon Sarkin Musulmi Attahiru, yana can Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Aka kama shi daga baya, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926. Turawa suka naɗa ɗan'uwansa Abbas. Ba na cewa da ba a yi Basasa ba da Turawa ba su ci Kano ba, don bindigoginsu sun fi ƙarfin ganuwa. Amma dai gadon da aka zubar da jini dominsa, bai cika shekara goma a hannun wanda ya ci ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada wani ya ce wannan tsohon zance ne. A 2020 an tuɓe sarki a Kano an naɗa wani, a 2024 kuma aka mayar da na farkon, duka biyu kuwa zuriyar Sarki Abdullahi Bayero ne. Ba nawa ba ne in ce wane ke da gaskiya. Abin da na gani da idona shi ne abokai a ɗakin kwanan ɗalibai sun daina gaisawa saboda wannan magana, alhali ba wanda ya haɗa jini da gidan sarauta a cikinsu. Sai na tuna da kakannin nan nawa biyu.

Saboda haka ina kira gare mu ɗalibai, mu da wata rana za a damƙa wa wani abu na jama'a, ko da shugabancin ƙungiya ne. Wanda ya samu kada ya wulaƙanta wanda ya rasa. Wanda aka sa rabon gardama kada ya ɗauki ɓangare. Wanda ya yi rinjaye ya kwantar wa na ƙasa da hankali cewa ba za a bi shi da ramuwa ba. Wanda kuma aka gadar wa gaba, ya tambaya tukuna me aka yi masa shi da kansa. A gidanmu sai a zamanin iyayenmu aka sake ƙulla aure tsakanin zuriyar mutanen nan biyu, kuma a wurin ɗaurin auren ba wanda ya iya faɗin abin da ya raba su in ban da sunan Basasa.

Allah ya kiyashe mu da sharrin zuciya, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, amin.