Shekarar da 'yan makaranta suka rubuta Birtaniya

A shekarar 1086 Sarki Wiliyam na Ingila ya baza ma'aikatansa gari-gari suna rubuta wane ne mai wace gona, garma nawa gare shi, dabbobi nawa, don ya san abin da zai shiga baitulmali. Kundin da aka haɗa shi ake kira Domesday. Da ya kusa cika shekara 900, sai BBC ta ce a sake irinsa, amma a kwamfuta, kuma 'yan makaranta ne za su yi aikin.

Ni malamin kwamfuta ne a sakandare, kuma duk zangon da na zo kan darasin rumbun bayanai sai na ba ɗalibaina wannan labari kafin mu buɗe Microsoft Access.

A aikin na BBC, an yanka taswirar Birtaniya gida-gida, kowane gida kilomita 4 a tsawo, 3 a faɗi, wajen gidaje 23,000. Makaranta ta ɗauki gidan da take ciki. Makarantu sama da 9,000 suka shiga, mutanen da suka sa hannu kuwa sun haura miliyan ɗaya, yawancinsu yara. Kowane gida an ba shi iyaka: shafi 20 na rubutu da hoto 3, ba ƙari. Yara suka fita da takarda da biro, suka zaga unguwa, suka tambayi manoma da masu kanti da tsofaffi, suka dawo suka buga a kwamfutar BBC Micro da ke makarantunsu, aka aika a faifan fulofi.

Wannan iyakar ita ce ta fi burge ni. Yaron da aka ce masa hoto uku kacal za ka ba garinku, dole ya zauna da abokansa su yi gardama: kasuwa ko coci, masana'anta ko filin ƙwallo? Dole kuma ya rubuta ta hanyar da baƙo zai iya nemowa. Asalin aikin rumbun bayanai ke nan, wato sanin me za a ajiye, a wane gurbi, da wane suna. Mu kuwa sau da yawa sai mu miƙa wa ɗalibi jadawalin ma'aikatan wani kamfanin ƙarya ya kwafa, ya danna nan ya danna can, ya ci jarrabawa bai taɓa yanke shawara ko ɗaya ba.

A 1986 aka fitar da aikin a manyan faya-fayai biyu na LaserDisc, ɗaya na abin da jama'a suka tattara, ɗaya na alƙaluman ƙasa. Nan gizo ya fara saƙa. Kafin ka kalla sai ka mallaki kwamfutar BBC Master da aka yi wa ƙari, da na'urar Philips ta musamman, kuɗinsu kusan fam 5,000. Makarantu da yawa da yaransu suka sha wahalar aikin ba su iya saye ba. Na'urar ba ta yi kasuwa ba, aka daina ƙera ta, waɗanda aka sayar suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shekara 15 ba ta gama cika ba sai ga faya-fayan lafiya lau amma da ƙyar ake samun abin karanta su, alhali kundin Wiliyam da aka rubuta da tawada a kan fata yana nan a ma'adanar tarihi ta Kew ana karantawa.

A 2002 masana daga jami'o'in Leeds da Michigan, ƙarƙashin shirin CAMiLEON, suka rubuta manhajar da ke sa kwamfutar zamani ta kwaikwayi tsohuwar, aka sake ganin shafukan. A 2011 BBC ta ɗora rubuce-rubucen jama'a da hotunansu a intanet da sunan Domesday Reloaded, yaran da suka yi aikin, waɗanda a lokacin sun zama magidanta, suka shiga neman shafukansu. Sauran abin da ke faya-fayan bai fito duka ba, saboda hotuna da taswirori da alƙaluma na masu haƙƙin mallaka daban-daban ne, kuma izinin da suka bayar a wancan lokaci na faifai ne, bai haɗa da intanet ba.