Jelar Ragon Layya

A gidan kakanmu da ke wani ƙauye a ƙasar Roni, ba a taɓa cinye ragon layya duka a watan Babbar Sallah ba. Kakarmu takan cire jelar, ta barbaɗe ta da gishiri, ta rataye a saman murhu. Nan hayaƙi zai yi ta bugunta wata guda cur, daga goma ga Zulhajji har daren cika-ciki a watan Muharram. Ranar za a sauke ta a jefa cikin miya, a tuƙa tuwo fiye da na kullum, a ce mana duk yaron da bai ƙoshi ba a daren, ba zai ƙoshi ba har shekara ta zagayo. Malamai sun sha faɗa cewa abin da ya tabbata a Ashura azumi ne, kuma gaskiyarsu. Sai dai kakarmu ba ta ga saɓani ba: a yi azumin da rana, a cika ciki da dare.

Na daɗe kafin na gane cewa jelar nan kalanda ce. Mutanen da ba su ajiye takarda sukan ajiye lokaci a cikin abinci, kuma ƙasar Kazaure ta daɗe tana yin haka.

Masarautar kanta daga rikici ta fito. Ibrahim Ɗantunku, Bafulatanin da ya yi jihadi a arewacin Kano, ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a wajen 1819. Aka yi ta gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amince masa da ƙasarsa, wadda aka yanko daga gefen Kano da Katsina da Daura. Ɗansa Dambo ne ya zaunar da sarautar a garin Kazaure, cikin duwatsu. Wannan shi ne abin da littattafai suka rubuta. Abin da ba su cika kulawa da shi ba shi ne yadda manoma Hausawa da makiyaya Fulani suka ci gaba da zama bayan ƙura ta lafa. Amsar tana cikin ƙwarya: gero na manomi, nono na makiyayi. Bayan girbi shanu su kwana a gona su bar taki, mai gona ya ba da dami. Kowace fura da aka dama da rana shaidar wannan yarjejeniya ce, ko da mai sha bai sani ba.

Cikin gida kuwa, gandu ne ke riƙe da tukunya. 'Ya'ya maza, har masu aure, suna noma gonar uba tare. Shi kuma ya ciyar da su daga rumbu ɗaya, ya biya musu haraji, ya yi musu aure. Kowa yana da 'yar gayaunarsa, amma tuwon dare na kowa ne. Shi ya sa idan aka ce wane da wane "sun raba tukunya", an gama magana: gida ya rabu, ko da katanga ɗaya ta kewaye su. Maza su ci a zaure, mata a tsakar gida, yara su kewaye akushi ɗaya. A bakin akushin nan yaro ke koyon cewa ba a riga babba kai hannu ga nama, ba a cin gaban wani, ƙarami ne ke riƙe kwano kada ya juya, kuma shi ake bar wa suɗi. Ban san wata makaranta da ta koya mini lissafin rabo da wuri kamar wannan ba.

Ranar Sallah sai tukunyar ta fita waje. Kafin a sauko daga idi an gama tuwon shinkafa da miyar taushe, ko waina, sai a ɗora wa yara kwanuka su bi gidajen dangi da maƙwabta. Kwano ba ya dawowa wayam. Ta haka yaro ke haddace taswirar zumunta da ƙafarsa: wannan gidan gwaggo ce, wancan na aminin kaka ne tun zamanin fatauci. Gidan da aka daina aika wa tuwo, kowa ya san akwai magana.

Amma ba ƙoshi kaɗai ake tunawa ba. Tsofaffin wannan yanki da yunwa suke ƙirga shekaru. A 1913 damina ta ƙi, shekarar da ta biyo baya aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a ƙasar Kano da kewaye. Ta zo ne daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta fara cin gonakin hatsi, Turawa kuma suna neman haraji da kuɗi. Sai farin 1973, wanda iyayenmu suka gani da idonsu. Kakarmu ba ta taɓa ce mini 1973 ba. Cewa take "shekarar da ba mu rataye jela ba", domin a shekarar babu wanda ya yi layya a gidan. Wanda ya ji wannan zai fahimci dalilin da ya sa take tsayawa a kanmu daren cika-ciki tana ƙara mana tuwo ko mun ce ya isa.

Sauran labarin ya zo da sauri. Kwanon samira ya kori akushi, kula ta kori samira, yanzu a wajen biki robar ɗauka-ka-tafi ake miƙa wa kowa, ya ci shi kaɗai a gida. An ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, aikin gwamnati da karatu suka watsa 'ya'yan gandu zuwa Dutse da Kano da Abuja, gonaki suka rarrabu ta hanyar gado. Tun cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, gidaje da yawa sun rage yawan kwanukan da suke fitarwa ranar Sallah, wasu sun daina. Ba na zargin kowa. Mudun shinkafa ba ya jin zumunci.

Bara na je gida ana saura kwana biyu cika-ciki. Kakarmu ta daɗe da rasuwa, murhunta ma an rushe an yi ɗaki a wurin. Matar ƙanena ta buɗe firij ta nuna mini wani ƙulli a baƙar leda, can ƙasa. Jelar ce. Ta ce babu wanda ya sa ta, ta dai tarar ana yi. Babu ƙamshin hayaƙi a miyar, kuma mu tara ne kawai a gidan da ya taɓa ciyar da mutum arba'in. Ɗan ƙanen nawa mai shekara shida shi ya riƙe kwanon.