Ƙwallon da ta ɓata: tarihin hukuncin da 'yan golf suka kasa kashewa 🧵

1/ Jama'a, yau zaren namu na golf ne, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu. Na san za ku ce wasan masu kuɗi ne, ina ruwanmu. Ku dai biyo ni. Akwai wata doka a cikinsa da aka yi sama da shekara 270 ana rigima a kanta, kuma har yau tana nan daram.

2/ A golf, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Idan ka buga ƙwallonka ta ɓata a ciyawa, ko ta tsallake fararen turakun da ke nuna iyakar fili, sai ka koma inda ka buga, ka sake, sannan a ƙara maka bugu ɗaya na tara. Bugun farko ya tafi a banza, ga tara, ga tazarar da ka ci an ƙwace. Wato kana tsaye inda ka fara amma bugu na 3 za ka yi.

3/ Asalin abin a Sikotlan ne. A 1744 wasu 'yan golf na Leith, kusa da Edinburgh, suka rubuta dokoki 13 domin gasar da hukumar birnin ta ba da sandar azurfa a matsayin kyauta. Su ne dokokin golf mafi daɗewa da ake da su a rubuce. Wani likita mai suna John Rattray ne ya ci gasar, shi ya sa musu hannu.

4/ Doka ta 8 a cikinsu ita ce tamu: wanda ƙwallonsa ta ɓata ya koma inda ya yi bugun ƙarshe, ya jefa wata, ya bar wa abokin karawarsa bugu ɗaya. Tun ranar farko ke nan.

5/ Kuma ku sani, ɓatan ƙwallo a lokacin asara ce ta gaske. Da fata ake ɗinka ta, a cusa mata jiƙaƙƙen gashin tsuntsu har ta yi tauri. Ƙwararren mai ɗinki 3 ko 4 yake iya yi a yini. Sau da yawa ƙwallon ta fi sandar bugun tsada. To wa zai bar irin wannan a ciyawa ya wuce?

6/ Sai mutane suka riƙa shafe lokaci suna nema, na baya suna tsaye suna jira. A 1783 'yan golf na Aberdeen suka ce ya isa: minti 5 ne lokacin nema. Wannan minti 5 ɗin ta bazu ko'ina, ta zauna har 2019. Ku lissafa, shekara 236.

7/ A ƙarni na 19 kowane kulob da nasa tsarin. Akwai lokacin da a St Andrews, idan wasan mutum biyu ne ana lissafi rami-rami, ƙwallonka na ɓata ka rasa wannan ramin gaba ɗaya. Babu wani jefa wata. Ka wuce na gaba kawai.

8/ Maganar fita wajen iyaka kuwa daga baya ta shigo. Filayen farko fili ne na kowa a bakin teku. Da aka fara samun katanga, gonakin mutane da layin dogo a gefe, dole aka ce ga inda fili ya ƙare. Kundin da kulob ɗin R&A na St Andrews ya fitar a 1899 ya yi mata doka, kuma da sauƙi: ka koma ka sake bugawa, babu tara.

9/ Daga nan aka shiga kai-komo. 1920 aka ƙara tarar. 1950 R&A ta gwada cire ta. 1952, da R&A da hukumar golf ta Amurka, USGA, suka fitar da kundin haɗin gwiwa na farko, tarar ta dawo. 1960 Amurkawa suka sake gwada sassauci, ba a daɗe ba suka janye.

10/ To me ya sa kullum ake dawowa? Nan ne zaren yake da daɗi. Ka ɗauka ƙwallonka ta faɗa cikin ƙaya. Idan ka same ta, wataƙila sai ka yi bugu 2 ko 3 kafin ka fito, ko ka ɗauki tara. Idan kuwa "ba ka gan ta ba", kuma babu tara, sai ka koma wuri mai kyau ka sake. Kun gane? Rashin gani ya fi gani riba.

11/ Wato doka mai sauƙi tana saka wa wanda ya yi nema da rabin ido. Golf kuwa yawanci babu alƙalin wasa a bayanka, kai ke faɗin abin da ka buga. Ba a ba kura ajiyar nama. Shi ya sa suka tabbatar ɓatan ƙwallo ba zai taɓa fin samun ta arha ba.

12/ Dalili na biyu: ƙwallon da ta faɗa ruwa an ga inda ta shiga, ana iya jefa wata kusa da wurin. Wadda ta ɓata fa? Babu wanda ya san inda take. Wuri ɗaya da kowa ya yarda da shi shi ne inda ka tsaya ka buga.

13/ Kuma dokar ba ta san babba ba. 2003, gasar Open a Royal St George's, Ingila. Bugun Tiger Woods na farko a gasar ya faɗa doguwar ciyawa. Ga jami'ai, ga kyamarori, minti 5 ta cika ba a gan ta ba. Ramin da ake so a gama da bugu 4, ya yi 7. Ranar ƙarshe Ben Curtis ya ci kofin, Tiger na bayansa da bugu 2 kacal.

14/ Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Rory McIlroy. 2019 Open ta koma Royal Portrush a Arewacin Ailan, ƙasarsa, karon farko tun 1951. A filin nan yana ɗan shekara 16 ya taɓa buga 61. Gari ya cika dominsa. Bugun farko: wajen iyaka, ta hagu. Ya yi 8 a ramin, 79 a ranar. Washegari ya buga 65, amma da bugu ɗaya tak aka cire shi daga gasar.

15/ A 2019 ɗin aka yi wa dokokin garambawul. Lokacin nema ya sauko zuwa minti 3. Ko ka gan ta da daƙiƙa ɗaya bayan haka, ta mutu. Bryson DeChambeau ya ɗanɗana a Masters ta 2020, rami na 3: ƙwallon ta nutse a jiƙaƙƙiyar ciyawa, sai bayan lokaci ya wuce aka same ta. Shi ma 7.

16/ Mafita biyu ake da su. Ta farko, ƙwallon ko-ta-kwana: idan kana zargin taka ta ɓata, ka faɗa wa abokan wasa, ka buga wata kafin ka bar wurin. In an samu ta farko cikin fili, ka ɗauke ta biyun. Tarar na nan in ba a samu ba, amma ka huta da tafiyar komawa.

17/ Ta biyu sabuwa ce: kulob na iya yarda masu wasan nishaɗi su jefa ƙwallo a gefen tsakiyar fili, daidai inda ake zaton ta ɓata, su ɗauki tarar bugu 2. Ku lura da lissafin: bugu na 4 za ka yi daga can, daidai da wanda ya koma ya sake. Lokaci aka rage, ba hukunci ba. Kuma ba a amfani da ita a gasar ƙwararru.

18/ Ni dai a ganina masu dokar sun yi daidai, duk da zafinta. Kuma ita ce dai ake bi a filayen Kano, Kaduna, Rayfield a Jos da IBB a Abuja. Masu buga golf da 'yan ɗaukar jaka da ke nan, ku faɗa mana: minti 3 tana isa a ciyawar damina? Sauran kuma in zaren ya ƙaru da ku, ku tura wa wani.