Wa Ya Kashe Naira? Waiwaye Kan Muhawarar 1985 Daga Kiyako

Yau za mu ɗan ajiye labaran soyayya a gefe, mu taɓa wata gardama da ba ta tsufa a majalisun Kiyako, kai har Birnin Kudu da Gwaram, wato gardamar wane ne ya kashe naira. Dattawanmu amsarsu a bakinsu take, Babangida ne. Matasa kuwa kowa yakan kira sunan wanda wutarsa ta ƙona shi, wasu su ce Buhari, wasu su ce Tinubu. Abin da ke ba ni dariya shi ne, dattijon da zai gama tsine wa SAP yanzun nan, shi ne kuma zai gyara zama ya ce amma fa kada a manta, Babangida ne ya yanke mana Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, har ɗan ƙasarmu Ali Sa'ad Birnin Kudu ya zama gwamnan farar hula na farko a 1992. To ka ga ke nan hukunta mutumin a wajenmu ba ƙaramin aiki ba ne.

Ni dai a nawa ganin, Babangida ya tarar da naira a kwance, shi kuma ya yi mata ɗanyen aski ba tare da ya jiƙa kan ba. Kuma wannan naira mai ƙarfi da ake ta kewa, ba manomin Kiyako ta yi wa rana ba. Na san maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma bari mu bi ta daki-daki.

An haifi naira ranar 1 ga Janairu 1973, zamanin Janar Gowon, aka ce fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, jaka kuma, wato fam ɗari, ta koma naira 200. Sai dai an haife ta ne a daidai lokacin da arzikinmu na gargajiya ke shure-shuren mutuwa. Kafin nan gyaɗa da auduga su ne kuɗin talakan ƙasar Kano, wadda a lokacin muna cikinta. Hukumar ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ita ke yanke farashi, wakilanta su saya, a tara dalar gyaɗa a Kano, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko. Farashin da ake ba manomi bai kai na kasuwar duniya ba, da rarar aka yi wa Arewa ayyuka da dama. Wato dai tun fil azal manomi ne ke biyan harajin da ba a rubuta masa rasit. Sai fari ya zo a 1972 zuwa 1974, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, dala ta baje. A shekarun nan ne kuma farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, kowa ya manta da gyaɗa.

A 1980 dalar Amurka ba ta wuce kwabo 55 ba. Wannan shi ne lissafin da ake kawo mini kullum a matsayin hujja, kamar an kawo aya. Tambayar da nake yi ita ce, wa ke samun dalar a wannan farashi? Mai lasisin shigo da kaya ne, da babban ma'aikaci mai fita waje, da ɗalibin da gwamnati ta tura Ingila, sai kuma alhazai, wannan kam na yarda talaka ya ɗanɗana. Amma manomi fa? Naira mai tsada na nufin shinkafar Tailan da alkamar Amurka su iso Kano da araha fiye da abin da ya noma da guminsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin yadda samarin ƙauyuka suka yi ta ajiye fartanya suna tafiya Kano da Ikko yin leburanci da gadi, domin ladan wata guda a can ya fi abin da gona za ta ba su. Ƙarfin naira na wancan lokaci ƙarfin man fetur ne kawai, ranar da mai ya faɗi kuwa sai asiri ya tonu.

Ya kuwa faɗi, daga 1981. A Afrilun 1982 Shehu Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu, wadda mutanenmu suka sani da ostariti. Madara da sukari da sabulu suka zama abin bin layi. A 1983 gwamnatinsa ta fara neman bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, ba a kai ga daidaitawa ba soja suka kifar da shi ranar 31 ga Disamba.

Janar Buhari ya gaji tattaunawar, ya kuma ƙi sharuɗɗa uku da Asusun ya kafe a kai: karya darajar naira, janye tallafin mai, da sakar wa kayan waje mara. A maimakon haka sai ya shiga cinikin ba ni gishiri in ba ka manda da ƙasashe irin su Brazil da Faransa, a ba su ɗanyen mai su ba mu kaya. A Afrilun 1984 ya rufe iyakoki, ya canja launin takardun kuɗi, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai nasu banki, kuma abin da za a canja wa mutum hannu da hannu bai wuce naira 5,000 ba. An ce don a kama ɓarayin gwamnati da suka ɓoye kuɗi a waje ne. Ban ƙi ba. Amma ka yi tunanin Bafulatanin da ke dajin Gwaram, wanda bai taɓa taka ƙofar banki ba, kuɗinsa na cikin tukunya, labari ma bai iske shi ba sai da wa'adi ya kusa cika. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, rufe iyakar ya haɗu musu da farin 1984, har yunwar shekarar suka raɗa mata suna El-Buhari. Masu yabon wancan mulki su riƙa haɗawa da wannan a lissafinsu.

To, sai Babangida ya zo ranar 27 ga Agusta 1985, ya yi abin da ba a saba gani wajen soja ba. Ya ce shi ba zai yanke hukunci kan bashin nan na sama da dala biliyan biyu ba, 'yan Nijeriya su tattauna su faɗa masa. Ƙasa ta ɗauki zafi wata uku. Ƙungiyar ƙwadago da ɗalibai da malaman jami'a, musamman na Zariya, suka ce ba sa so, wannan bauta ce a sabuwar riga. Ministan kuɗi Kalu Idika Kalu da wasu manyan 'yan kasuwa da masana tattalin arziki suka ce gara a karɓa, tunda ko an ƙi ko an so sai an yi gyaran, gara a yi shi da kuɗi a hannu. Muhawara ce mai daɗin karantawa har yau, sai dai da Turanci aka yi ta, a jaridun Ikko da Kaduna da ɗakunan taro na jami'o'i. Abin da ya iso mana ta rediyo taƙaitacce ne: Turawa za su ba mu bashi su mallake mu. Wa zai ce yana so? Ba wanda ya zo kasuwar Sara ya tambayi mai gero ko mai akuya me karya naira zai yi masa, alhali shi ne mafi yawa a ƙasar.

A Disambar 1985 Babangida ya fito ya ce ya ji muryar jama'a, ba za a karɓi bashin ba. Aka yi ta tafi. Kafin tafin ya lafa, kasafin kuɗin 1986 ya ɗaga litar fetur daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi. A tsakiyar shekarar aka ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki mai suna SAP, aka ce na gida ne, mu muka tsara abinmu. Da aka buɗe ƙunshin sai ga sharuɗɗan IMF ɗin nan reras. An ƙi cin biri an ci dila. Wannan shi ne babban laifin Babangida a wajena, ya fi karya nairar kanta muni, domin ya koya wa 'yan ƙasa cewa neman ra'ayinsu wasan kwaikwayo ne.

A ƙarshen Satumbar 1986 Babban Banki ya fara gwanjon dala ga bankuna. Gwamnan bankin a lokacin maƙwabcinmu ne, Alhaji Abdulƙadir Ahmed, mutumin Jama'are, wanda ya riƙe kujerar daga 1982 zuwa 1993, ya yi aiki da shugabanni masu ra'ayi mabambanta yana sa hannu a kan kuɗinsu duka. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira ɗaya da rabi, a gwanjon farko ta haura naira huɗu. Aka soke lasisin shigo da kaya, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona.

A nan ne ya kamata a yi adalci. Soke lasisin nan alheri ne, domin takarda ce da 'yan lele ke karɓa a ofis su sayar a bakin ƙofa, su yi kuɗi ba tare da sun ɗaga tsinke ba. Hana shigo da shinkafa da masara a 1985, da alkama a 1987, ya sa hatsi ya yi daraja, noman rani ya farfaɗo a Kadawa da kwarin Haɗeja. Hukumar DFRRI ta 1986 ta fasa hanyoyin karkara ta haƙa rijiyoyi, duk da cewa da yawansu ba su ga damina uku ba. Manoman koko na ƙasar Yarbawa kuwa sun yi kuɗi sosai, domin suna da abin sayar wa duniya, kowace dala ta koma musu naira mai yawa.

Mu fa? Mun zo gasar ba doki. Gyaɗar da za mu fitar ta riga ta mutu shekara goma baya. Abin da muke nomawa na ci ne, a naira ake sayar da shi, abin da muke saye kuma, kwanon rufi, maganin asibiti, kayan gyaran keke da babur, injin ban ruwa, kujerar Makka, duk da dala ake auna su. Buhun geronka ya ƙara kuɗi, amma abin da zai sayo maka ya ragu. Malamin firamare da ake ba 'ya da alfahari ya koma wanda masu kanti ke gudun ba shi bashi. A 1987 Obasanjo, yana tsohon shugaba, ya fito ya ce shirin na buƙatar tausayin ɗan Adam, jami'an gwamnati irin su Olu Falae suka tsaya kan cewa babu wata hanya sai ita. A Mayun 1989 tarzomar SAP ta ɓarke a biranen kudu, aka rasa rayuka. Lokacin da Babangida ya sauka a 1993, dala na wajen naira 20.

Masu kewar Abacha sukan ce a zamaninsa dala ta tsaya a naira 22, ga ayyukan PTF. Ayyukan an gani. Amma 22 ɗin nan farashin gwamnati ne ga wanda ta ga dama, a kasuwa ana sayen dala sama da naira 80, wato tsohon lasisi ne ya dawo da wani suna. A zamaninsa ne kuma Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Haɗa da rashin wuta da fasa-ƙwauri, masaƙun Kano da Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, Kantin Kwari ya cika da atamfar Sin, mai noman auduga ya rasa mai saye. Obasanjo ya samo yafiyar bashin dala biliyan 18 daga ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris a 2005, bayan an amince a biya biliyan 12, abin a yaba ne, amma bai tashi masaƙa ko ɗaya ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dawowar Buhari. A Yulin 2019 ya je Yamai ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, a Agusta kuma ya rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020. Manoman shinkafa sun dara, fataken Maigatari sun koka. Sannan a Oktobar 2022 Babban Banki ya sanar da sauya takardun 200 da 500 da 1,000, sai ga 1984 ta dawo mana sabuwa fil. A farkon 2023 na ga mutane da kuɗinsu a banki suna roƙon bashin kwanon masara, na ga mai tumaki ya karya farashi don kawai a ba shi tsaba a hannu, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris.

Tinubu shi ko tambayar ma bai yi ba. Ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayu 2023, ya ce tallafin mai ya tafi, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. A Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Wannan karon dai muna da ɗan abin sayar wa duniya, wato riɗi da zoɓo, waɗanda ake lodi daga kasuwannin Jigawa zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko. Masu riɗi a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu sun ƙirga kuɗin da iyayensu ba su taɓa riƙewa ba, suka ɗaure a leda, suka nufi rumfar mai taki, shi ma ya gaya musu nasa sabon farashin.