Abin da ya faru a In Salah, da ruwan rijiyoyinmu na Illela

1/ Duk lokacin da aka ta da zancen mai a yankin Sakkwato, sai in ga matasanmu na ta murna, wai kakarmu ta yanke saƙa. To ku tsaya in ba ku labarin wani gari a Sahara.

2/ In Salah, a kudancin Aljeriya. Ƙarshen Disamba 2014 gwamnati ta sanar cewa kamfaninta Sonatrach ya yi nasarar gwajin haƙo iskar gas daga cikin dutse a yankin Ahnet, kusa da garin.

3/ Wannan gas ba ya fitowa da kansa. Sai an tura miliyoyin lita na ruwa, haɗe da yashi da sinadarai, da ƙarfin tsiya har dutsen ya tsage. Turawa na ce masa firakin.

4/ Mutanen garin suka ce a'a. Babu kogi, ruwan sama sai a hankali, dabinonsu da shansu duk daga ruwan ƙarƙashin ƙasa ne. In ya gurɓace fa? Tun farkon Janairu 2015 suka mamaye dandalin gari, har da mata, wata da watanni. Ƙarshen Fabrairu aka yi arangama da jami'an tsaro. Gwamnati ta dage cewa gwaji ne kawai, ba hatsari. A Mayu ministan makamashi Youcef Yousfi ya rasa kujerarsa.

5/ Masu goyon baya ma suna da hujja, gaskiya. Firakin ne ya mai da Amurka kan gaba wajen haƙo mai a duniya. Amma Faransa ta haramta shi a 2011, Ingila ta dakatar a 2019 bayan girgizar ƙasa kusa da Blackpool.

6/ Mu dawo gida. Rijiyar Illela da ta Ƙonni kusan uwa ɗaya suke sha: ruwan ƙasa na Iullemmeden, wanda ya ratsa Najeriya, Nijar da Mali. Shi ruwa ba ruwansa da kwastan. Wanda ya ga yadda tafkin Kalmalo ya ja baya ya san ba mu da rarar da za mu yi caca da ita.

7/ Dokar PIA ta 2021 ta ware kashi 30 na ribar da NNPC ke samu daga wasu yarjejeniyoyin haƙo mai don neman mai a sababbin yankuna, irin namu. Ni dai duk ɗan siyasar da ya zo da alkawarin rijiyar mai, tambayata biyu ce: wace irin haƙa za a yi, kuma ruwan daga ina za a ɗebo?